Majon da bai yarda da "ban ji ba"

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Laminu, wanda duk Madarumfa ta sani da Majo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin shan magani. Kowace shekara sadaka nake yi masa, in yi addu'a, in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni, don maigidana na kwance da hannu a kumbure, ya kuma rantse ba zai koma asibiti ba.

Masunta ne yawancin masu zuwa wurin Yaya, wani ƙugiya ta shige masa yatsa, wani ƙayar kifi. Yakan yi allurar kashe zafi a gindin yatsa, nesa da bakin ciwon, don ya ce naman da ya yi ruwa ba ya karɓar magani. Daga nan sai ya gyara zama ya yi ta hirar kasuwar kifi har maganin ya kama. Masu jiran layi su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa.

Bakin mazanmu ne kawai bai yarda da shi ba. Namijin garin nan, in aka tsikare shi da allura aka tambaye shi ko yana ji, cewa zai yi bai ji ba ko da ransa na fita, balle in abokansa sun rako shi. Shi ya sa Yaya kan kori 'yan rakiya, ya sa mutum ya tuɓe takalmi, ya tsikari wurin yana kallon yatsun ƙafa. In sun naɗe, sai ya ƙara jira ko ya ƙara magani, bai ce da mutum komai ba.

Kwanakin baya ƙugiya ta kama Malam maigidana a yatsa. Ya fizge ta da kansa, wurin ya yi ruwa, sannan ya je asibiti da abokansa biyu. Ma'aikacin da ke wurin yanzu yaro ne mai ladabi. Ya yi allura, ya tambaya, aka ce masa ba a ji, ya tsaga. Ban ga laifinsa ba. Malam ya dawo gida leɓensa duk jini don cizo, rigarsa sharkaf da gumi. An ce ya koma a sake tsagawa, ya ƙi. Yanzu yatsan ya fara duhu, ga zazzaɓi, ga wari, shi kuma ganye kawai yake ɗaurawa. Da hannun nan yake jan raga, da shi muke ci.

Jiya na durƙusa gabansa ina kuka. "Malam, ka yi wa Allah ka tashi mu koma."

"Ni da wuƙar yaron nan sai lahira," in ji shi. "Da Majo na nan da tuni na tafi. Shi ba ya sa mutum ya faɗi da bakinshi."

Yaya, da ka ga asibitin yau da ka yi murna, ga wuta, ga magani. Amma ka tafi da abin da ka sani game da mazanmu, na duba ban ga wanda ka bar wa ba sai ni, da na sha jin labarin a bakin murhu. Wallahi tsoro nake ji. Gobe da safe zan je ni kaɗai in sami yaron nan, in gaya masa mijina ƙarya yake yi, yana jin zafi kamar kowa. Na san in maganar ta koma kunnen Malam, ba lalle ya sake kallon fuskata ba. Na yarda, in dai zai kore ni da yatsunsa biyar.