Baba Ya Ba Cikinsa Hutu

Ciwon sukari ya kama Baba a shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, kuma har ya rasu yana cewa rabonsa ke nan a sabuwar jiha. Wasu sun samu kujera, shi ya samu allura. Safe da yamma Inna ke yi masa ita a cinya. Kwalbar insulin ɗin a gindin randa take zama cikin jiƙaƙƙen yashi, don ƙauyenmu da ke bayan Karakkai ba wuta balle firji. Ni ke sayo ta daga Gusau, inda nake koyar da kimiyya a wata sakandare. A lokacin ba abin da nake so irin a tambaye ni abu in yi bayani.

Wata safiya na je gida, muna sauraron rediyo, aka ce masana a ƙasashen waje suna neman hanyar da ƙwayoyin da ke yin insulin za su sake tsirowa a jikin mai ciwon. A jikin ɓeraye ma suke gwajin tukuna. Baba ya ce, "Mi sunka ce?" Da na ce ban ji ba, da an zauna lafiya. Sai na gyara zama. Na ce akwai wani ɗan nama a bayan tumbi, shi ke yin ruwan da ke sarrafa sukari, nasa ya gaji, ana so a farfaɗo da shi. Don ya gane na kawo masa misalin gonar da ta gaji ta daina ba da amfani. Har na yaba wa kaina a zuci, na ce gobe ma ɗalibai za su sha wannan misali.

Baba ba ya yarda da abin da bai gani ba. Da muka je Tsafe sunan ɗan ƙanwata, ya tsaya a kan mahauci har aka farke rago, ya ce in nuna masa. Na yi ta lalube a kayan ciki da hannun riga a naɗe, ni da a littafi kaɗai na san abin, har mahaucin ya ji tausayina ya zaro shi. Baba ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Wanga ɗan tsoka ne ya raba ni da rake?" Mahauci ya ce, "Baba, wanga ko gyara anka ba mutum sai ya maido."

Ashe ya koma gida da lissafinsa na manomi. Shi dai ya daɗe da yanke hukunci cewa takin zamani ke lalata ƙasa, in ta saba da shi ba ta ƙara yin komai da kanta. Maganin gajiyayyiyar gona a wurinsa a bar ta ta huta, a kira Fulani su sauka da shanu. Saboda haka allura ta zama takin zamani, aka dakatar da ita. Ya aika wa makiyayan da ke sauka a gonarsa su riƙa kawo kindirmo, shi ne takin gargajiya. Da Inna ta yi gardama ya ce, "Malamin ne da kainai ya hwaɗi, a gabanki." Ta ajiye allurar, tunda ɗanta mai digiri ne ya faɗa.

Mako uku ya yi a haka. Yana shan ruwa kamar bijimi, yana zarya bayan gida, yana cewa ƙasa ce ke jiƙa. A wajen yankan dawa kututture ya soke shi a ƙafa, bai ma ji ba. Sai da wurin ya yi baƙi yana wari Inna ta ba direban motar Bungudu zuwa Gusau saƙo ya same ni a makaranta.

A asibiti a Gusau aka yanke masa yatsu biyu. Ban taɓa jin tsoro da kunya a haɗe irin na ranar ba. Likitar wata mata ce mai faɗa, ta tsaya a kan gadon ta ce, "Baba, wa ya ce ka bar allura? Faɗa mini in san wanda zan zaga."

Ina tsaye a gefenta, biro biyu a aljihun gaba. Inna ta sunkuyar da kai. Baba ya dubi ƙafarsa a naɗe da bandeji, bai ko kalli inda nake ba.

Ya ce, "Ba kowa, Hajiya. Ɗana ga shi nan, ya yi ta hana ni. Ni ne ban jin magana."