Katunan da Baba Tanimu Ya Tsabtace

Wata rana malamar gona ta zo lambun lemon da Baba Tanimu ke gadi, ta rataya wasu katuna masu danƙo a rassa, rawaya da shuɗi.

Ta ce masa ba magani ba ne, ma'auni ne. Akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu ɓata lemo tun yana fure. In sun maƙale har katin ya yi baƙi, lokacin feshi ya yi.

Kati kuwa ya yi baƙi ƙirin.

Sai ga mai lambu, Alhaji Mamuda, ya kawo abokansa su sha kallo. Alhaji mutum ne mai son tsabta, musamman wadda wani zai yi.

Ya nuna katin da sanda, ya ce in ya sake ganin wannan ƙazanta, tsoho ya nemi wani ɗakin.

Ɗakin nan na bakin lambu shi ne duk abin da Baba ya mallaka a duniya. Shi ma ba nasa ba ne.

Tun daga ranar, kullum da safe sai ya ɗauki tsinke, ya kanne ido, yana ɓanɓare ƙwarin ɗaya bayan ɗaya.

Malama ta dawo, ta ga katuna fes. Ta ce bana an tsira, ba sai an yi feshi ba.

Baba ya buɗe baki. Ya tuna ɗaki. Ya rufe.

Da lemo ya nuna, kowanne da tabo kamar zobe a wuya. Dillalai suka juya shi a hannu, suka ajiye, suka ce a gaida gida.

Alhaji ya kira Baba a fusace. Baba ya durƙusa gabansa.

"Ranka ya daɗe, kai fa ka ce kada ka sake ganin ƙwarin nan a kati."

"To ai ban gan su ba, Baba, na gode. Kawo mabuɗin."

Ya naɗe tabarmarsa ya fita. Ko lemo ɗaya ba a ba shi ba, duk da ba a san yadda za a yi da lemon ba.

An ɗauki sabon mai gadi. Gargaɗin farko da aka yi masa: tsabta.

Darasi: In ka hana na ƙasa da kai nuna maka baƙin kati, fari zai riƙa nuna maka har lambu ya tafi. Kuma ba kai za ka kwana a waje ba.

Ku yaɗa. Mai ƙarfin hali ya tura wa maigidansa, in yana da wani ɗakin.