Diskin da ke Durowar Mushe Ɗan'azumi

"Mushe, ka formate ta kawai, ka goge komai ka sallame ni. Gobe kasuwa."

"Ba zan formate ba."

"Ordinatar taka ce ko tawa?"

"Taka ce. Abin da ke ciki ne ba naka kai kaɗai ba."

"To ba ni kayana in kai Damagaram. Can minti talatin an gama, ba wa'azi."

"Ga ta nan, ɗauki. Amma ka biya ta gidan Batulu tukuna, ka gaya mata da bakinka."

Cha'ibu bai ɗauka ba. Ya zauna kan benci yana tsaki. Ina wurin, na zo buga takarda. Shekara uku ke nan.

Mushe Ɗan'azumi mai gyaran ordinata ne, wato kwamfuta, a Matameye, bayan tasha. A da yana koya wa mutane buga rubutu, shi ya sa sunan Mushe, wato malam da Faransanci, ya bi shi. Ƙarfe takwas yake buɗe shago. Ya share, ya yaye zanen da ya lulluɓe injina, ya dafa shayi, ya goge tabarau. Ba ya kunna rediyo, wai yana son jin ƙarar inji. A lungu akwai wata tsohuwar ordinata da yake kira Mai Kulle. Ba ta taɓa shiga intanet ba, kuma ba mai taɓa ta sai shi.

Cha'ibu kuwa mai tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai ne a kartin waya. Ya sauko da wani lojisiyal na kyauta daga intanet, wato manhaja, wai mai rage nauyin fim. Yana rage nauyin kuwa. Amma da wani abu a cikinsa.

Ranar Mushe ya yi mana bayani, a gajarce. Ya ce sunan abin tirojan. Ba ya tsallaka katanga, ba ya yaɗa kansa kamar sauran cututtukan inji. Da sallama yake zuwa, cikin rigar abu mai amfani, kai ne za ka buɗe masa. In ya shiga, sai ya rubuta kansa cikin abubuwan da ke tashi tare da inji, ya ari sunan ɗaya daga ma'aikatan gidan don kada a gane shi, ya kashe mai gadi. Wani yana rubuta duk abin da ka danna ya aika waje. Wani yana kiran 'yan'uwansa. Na Cha'ibu ya kira mai kulle kaya: yana bin fayil ɗaya-ɗaya yana rufewa, mabuɗin kuma yana hannun waɗanda suka ƙera shi, a wata ƙasa.

Cha'ibu ya ce, "Ni fa na ga an rubuta kyauta."

Mushe ya ce, "An ba ka kuwa."

Tirojan yana tsakiyar kullewa kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Wannan ne kaɗai sa'ar da aka yi. In aka sake kunna injin zai ci gaba daga inda ya tsaya. In aka formate, tirojan ya tafi, komai ma ya tafi.

Cikin komai ɗin akwai muryar Faruk.

Faruk ɗan Batulu ne mai ƙosai. Ajinmu ɗaya a kwaleji, bencinmu ɗaya. Ya tafi Aljeriya neman aiki. Yana aiko wa uwarsa saƙon murya, guda goma sha ɗaya, daga nan shiru. Da wayarta ta fara mutuwa ta kai wa Cha'ibu ya kwashe saƙonnin ya ajiye mata. Wayar ta mutu, kartin ya ƙone. Saƙon ƙarshen sau ɗaya ta saurare shi, cikin hayaniyar kasuwa. Ta tabbata ya faɗi sunan garin da zai wuce. Ba ta riƙe sunan ba.

Mushe bai kunna injin ba. Ya kwance shi, ya ciro diski, ya haɗa da Mai Kulle, inda tirojan ba zai tashi ba balle ya kira gida. Kwana huɗu yana tsintar fayil da hannu. Cha'ibu ya rasa kasuwar wannan makon, ya yi wata guda ba ya gaishe shi.

Goma suka tsira. Aka kira Batulu. Ta zauna, aka kunna. "Inna, ina wuni, ni ne." Ta ce a sake. Sau shida aka sake. Ni na fita waje.

Saƙo na sha ɗayan, wato na ƙarshen, yana kulle.

Mushe ya sa wa Cha'ibu wani diski, ya naɗe wannan a tsumma ya ajiye a durowa. Ya ce wani lokaci akan kama irin waɗannan mutane, a saki mabuɗansu. Tun ranar, farkon kowane wata, yakan duba ko an saki. Ya gwada, ya mayar. Batulu takan leƙo. "Mushe, da labari?" "Tukuna, Batulu." "To Allah ya sa." Sau talatin da shida ke nan.

Kai ne mai ƙin gogewa, Mushe. Kowa na son aikin minti talatin, kai ka zaɓi na kwana huɗu da zagi a kai. Kai ne ka hana wata sakatariya buɗe takardar gayyata da ba takarda ba ce, ka nuna mata wutsiyar sunan fayil. Kai ne ka koya wa masu tura waƙa na tasha su tambayi inda abu ya fito kafin su danna. Ba su gode ba. Sun daina kuka dai.

Yanzu ido ya ƙi. Likita a Damagaram ya ce ya bar kallon ekran na inji. Ƙarshen wata zai rufe, ya koma Tsauni wurin 'yarsa Anisa.

Mun gode, Mushe. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da abin da ba mu iya ba. Mu kuma matasan garin nan da muka iya danna waya muka ɗauka ilimi ne, shagon yana buɗe sauran kwana tara. Mutum ya je ya zauna ya koya. Ba wuya gare shi ba, haƙuri ne. Ni ma da kaina nake.

Jiya Batulu ta zo. Ta ji labari a bakin rijiya. Mu huɗu ne a shagon, har da Cha'ibu. Mushe yana sa kaya a kwali, yana lalube da yatsa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To watan gobe wa zai duba mini?"