Malama Binta da ban ruwan sama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tankaɗe, maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta ce Malama Binta ta rasu. Jiya ne, a asibiti a Kano. Har an kai ta makwancinta ban sani ba.

Na ajiye rariyar, har yanzu ban koma kanta ba.

Mu nan gida, ga mai son ji: Malam maigidana lafiyarsa lau sai gwiwar nan da ke damunsa. Ɗana Sani da matarsa lafiya, jaririnsu ya warke daga zazzaɓin haƙori. Inna tsohuwa ce ba ta jin daɗi, ba ta cin abincin kirki. Ni kuma ga ni nan dai.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Da furfura na koye shi, kuma wadda ta koya min ce ta tafi.

Malama Binta kimiyya take koyarwa a makarantar 'yan mata. Da la'asar kuma ta tara mu a zauren mai unguwa, matan aure da zawarawa, tana koya mana karatun boko, ba ta taɓa karɓar ko goro ba. In rubutun ya cije min sai ta ce, "Haba Yaya Lami, ke da kike dasa albasa a layi, baƙaƙe ne za su gagare ki?"

Akwai wata ɗalibarta da ke karatu a ƙasar waje tare da mijinta. Waɗanda suka san gidanmu sun san wa nake nufi. Ita ce ta fari a wurina, kuma mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Kakarta ce ta raine ta. Ko a wayata, "Ɗalibar Malama" na sa aka rubuta.

Saboda haka duk abin da nake son sani, gidan Malama nake zuwa. In ce, "Mutanenki na can kuwa suna samun abin ci?" Sai ta yi dariya, ta kira ta a gabana, ta ƙure muryar wayar. Ni kuwa in juya baya ina tsintar shinkafa kamar ba da ni ake ba. Haka na ji ta yi mura, haka na ji ta warke.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ban san me take karantawa ba. Mata suna tambayata, likita ce? Injiniya ce? In ce taurari take dubawa, sai su kalli juna. Wata har ta ce min Allah ya sa ba bokanci ba ne. Maganar ta tsaya min a rai.

Wata Asabar Malama ta biyo ni gonarmu ta rani a Watari don ta ɗebi tumatir. Na faɗa mata maganar bokancin nan. Da Sani ya saki ruwa, sai ta ja ni bakin fangalin farko, cikin 'yan kwamin da muke raba gonar don ban ruwa.

"Me ya sa ruwan bai kai ƙarshen gona ba?"

Na ce ai ƙasar ta bushe, sai na farkon ya sha ya ƙoshi sannan ya bar shi ya wuce.

Ta ce, "To kin gama digirin. Lokacin da Allah ya halicci sararin nan yana sabo, tsakanin gungun taurari da gungun taurari cike yake da wata iska, haidirojin. Da taurarin farko suka kunnu, suna fitar da wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani. Iskar nan sai ta riƙa shanye shi tun bai yi nisa ba. Duk ƙwayar da ta sha sai ta rabu, ba ta ƙara sha, sai hasken ya samu hanya ya ƙara gaba. A hankali a hankali har sararin ya buɗe."

Na nuna mata fangalin nan na gefe mai yashi, wanda kullum in an ba shi ruwa sai ya sake bushewa. Na ce can ma akwai irinsa?

Ta tafa hannu. "Akwai! Inda iskar ta yi kauri, ƙwayoyin sukan sake haɗewa su koma sha. Ita ɗalibar tawa aikinta ta auna nisan da hasken yake yi kafin a shanye shi."

Na ce, "Wato mun tura ta bayan duniya ta koyi ban ruwa? Ai da ta zauna Sani ya koya mata."

Malama ta yi dariya har ta zubar da tumatirin. Ta ce, "Ban ruwa ne, gonar ce dai ba taku ba."

Daga ranar duk wadda ta tambaye ni, sai in zaunar da ita in yi mata bayani.

Ganina na ƙarshe da ita, ta rame, tana kwance a kan tabarma a rumfarta. Na tambayi mutanenta na can kamar kullum. Ta ce yarinya ta shiga rubutun ƙarshe, ta rufe waya sai jefi-jefi, kada in tayar da hankalina. Sannan ta ɗauki wayata ta miƙo min.

"Yaya Lami, na gaji da zama 'yar aike. Na koya miki rubutu, ki rubuta mata mana."

Na ce, "Ke ma kin san ba a yi."

Ta ce, "Na sani."

Yau tun safe Sani yake kiran wayar ɗalibar Malama, ba ta shiga. Na mijin ma haka. Na zauna da wayar a cinya, na rasa gidan da zan je in tambaya. Ban san ko ta ji ba. Ban san ko lafiya take ba. In ta ji, ban san wa ke kusa da ita ba.

Ya Allah ka ji ƙan Malama Binta, ka haskaka kabarinta, ka yafe mata kurakuranta. Duk baƙin da ta koya wa wata mace a garin nan, ka sa ta same shi a mizaninta. Ka ba mahaifiyarta da 'ya'yanta haƙuri. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a. Wanda kuma yake da hanyar kai wannan saƙon can ƙasar, ya taimaka ya kai.

Dangina za su ga abin da zan rubuta yanzu, su yi haƙuri.

Asma'u.

Ni ce, mahaifiyarki. Malamarki ta rasu. Ranar Talata za a yi sadakar bakwai, daga nan mutane su watse, a mayar da tsohuwarta ƙauyensu. Ki kira ki yi mata gaisuwa kafin ranar.

In kin gama da ita, ki kira ni. Ba Sani ba, ni. Zan ɗauka da kaina.