Sunan Yayana Soja

Yayana ya tafi yaƙin basasa gemu bai fito masa ba. Ina yarinya lokacin. Abin da na riƙe shi ne takalmin da aka ba shi ya yi masa yawa, sai da ya cusa tsumma a ciki.

Bai dawo ba. Wani abokinsa mai hannu ɗaya ne ya zo zaurenmu ya ba Baba labari, ina laɓe ina ji. Ya ce suna can kudu, cikin ramin da suka haƙa suna fakewa, ruwan sama har gwiwa, sai wani abu ya faɗo, ramin ya rufta da su. Ba wanka, ba likkafani. Sallar gawa aka yi a ƙofar gida babu gawar.

Shi ne ɗan farin Inna, don haka ko yana raye ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wancan". Da ya mutu ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Mu ƙanne Yaya muke cewa. Da na yi aure na haifi maza, mijina daga danginsa ya riƙa zaɓo sunaye, ban isa in ce uffan ba. Yanzu duk waɗanda suka san sunan sun riga ni. Bai bar ɗa ba, bai bar kabari ba.

Autana likita ne a Germantown, can ƙasar Turawa. Ya ɗauko ni lokacin da matarsa ke da ciki na uku, biyun farko mata. Wata Lahadi suka kai ni makabartar sojojin ƙasar nan, a tsallaken kogi. Fararen duwatsu a jere iya ganinka. Ban iya karatu ba, sai na tambayi babbar jikata ko rubutun nan sunaye ne. Ta ɗaga kai. Kowa da nasa. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na ƙudura in namiji aka haifa, sunan Yaya za a sa. Amma ba a nema wa ciki suna, sai na yi shiru ina jira.

Namijin kuwa aka haifa, da aiki, aka ce uwar ta huta da haihuwa ke nan. Ranar da suka dawo gida na kira ɗana ɗaki.

"Auta, ina da sunan da nake so a yi wa yaron nan huɗuba da shi."

Ya shafa ƙeya. "Hajiya, ai an riga an sa."

"An sa me? Ko cibiya ba ta faɗi ba."

"A nan kafin sallama daga asibiti suke tsare mutum da tambayar suna. A can na yi huɗubar. Sunan surukina na sa."

"To ragon da ka saya na ado ne?"

"Me ya hana ki faɗa duk watannin nan?"

"A gidan wa ka ga ana haka?"

Ya ce ana iya canzawa. Na tambaye shi ko an gaya wa mai sunan. Ya ce an kira shi a Zariya, har da hawayensa. Na ce to a bari. Ba a ƙwace wa rayayye takwara.

Ranar suna da la'asar, bayan baƙi sun watse, na zaunar da shi da 'yan matan biyu, na faɗi sunan. Harshena ya yi nauyi, don ban taɓa furta shi ba.

"Wane ne wannan?" in ji Auta.

"Kawunka ne. Sojan."

Ƙaramar ta maimaita da bakin Turawa, ta karkace shi, suka yi dariya. Ban yi ba. Na ce ta sake. Ta sake.

Tun daga nan duk Juma'a sai na tambaye su sunan kafin su ci abinci. Babbar tana riƙe. Ƙaramar kan manta, ta dubi ubanta, shi kuma wani lokacin sai ya yi jim kafin ya tuna.