Gansakuka a Akwatin Kifin Goggo

Goggo ta shafe shekaru tana girki a kicin ɗin wata makaranta, hannunta kuwa bai san kaɗan ba. Da ta ajiye aiki, ɗan ƙanenta ya kawo mata ƙaramin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, da farin yashi da kifayen teku biyu. Ta kama ciyar da su ba ƙaƙƙautawa.

Ba a jima ba gansakuka ta lulluɓe yashin.

"Goggo, ragowar abinci ce ke haifar da ita," in ji ɗan ƙanen nata. "Ki rage musu."

"Kai, ji tsoron Allah! In bar baƙi da yunwa?"

Ta dai daure ta rage. Ta janye akwatin daga hasken taga, ta koyi zuƙe dattin yashin da siririn tiyo idan za ta sauya ruwa. Shi kuma ya kawo dodon koɗi masu cin gansakuka.

Ranar da yashin ya yi fari tas, Goggo ta saki ihun murna, har maƙwabciyarta ta shigo a guje tana tambayar wa ya haihu.