Rufin Jar Motarsa

Maigidana injiniya ne, kuma ya ba ni haushi ranar da ya shigo gidanmu na Suwaidi da wata tsohuwar jar mota mai kujera biyu, wadda ta girmi aurenmu. Rufinta na ƙarfe ne, ana cirewa a mayar, amma sai mutum biyu sun kama. Na ce masa, a zafin ranar Riyadh mai dafa mutum, wane mai hankali ke yawo kai a buɗe?

Duk shekara da sanyi ya shigo sai ya kira ni: "Yalla, Hajiya, kama nan." Ni a dama, shi a hagu, mu ɗaga rufin mu jingine a bango. Ina mita, yana dariya. Har gori nake masa cewa abin ba wani nauyi gare shi ba.

Cikin sanyi ya rasu, rufin na jingine, a nan Riyadh aka binne shi. Da zafi ya dawo, ƙura ta cika kujerun, sai na roƙi maƙwabciyata ta kama min mu mayar. Na tsaya a gefena na kullum, na yi bismillah.

Da ƙyar rufin ya bar ƙasa, bayana ya amsa, muka saki. Na zauna a wurin ina kallon hannuwana. Ashe duk shekarun nan shi ke zura hannu ta ƙasa ya ɗauke nauyin, ni yatsu kawai nake ɗorawa, ina ta mita.